Kek Mai Citta Da Kanumfari

Saura mako uku a ɗaura mini aure wasiƙar ta zo. Ina cikin ɗakin mata na asibiti, inda nake aikin nas a lokacin, masinja ya miƙo mini ita. Daga Gusau take, daga mutumin da zan aura, wanda yake koyarwa a wata makaranta a can. Malam nake ce masa tun ranar da ya kawo mahaifiyarsa jinya muka fara gaisawa, haka kuma na ci gaba da kiransa har ya bar duniya.

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, ya rubuta cewa abokansa malamai da akawuna za su yi masa ɗan taro ranar ɗaurin aure da la'asar, irin wanda ya gani a Kaduna sa'ad da ya je kwas, kuma a irin wannan taro ana yanka kek. An gaya masa akwai wata mata mai yi a nan Sakkwato, a Sabon Gari. Sai ya rufe da cewa, "Ki je ke da mutanenki ku zaɓa. Duk wanda ya yi muku, ni ma ya yi mini."

Na ninke takardar na sa a aljihu, na ci gaba da raba magani. Amma "ke da mutanenki" ɗin nan ta bi ni daga gado zuwa gado har aka tashi aiki.

Mutanena ba su da yawa. Inna ta rasu shekara uku kafin nan. Ita daga wani ƙauye ne can wajen Argungu aka auro ta, danginta kuma tun tana da rai sun ƙare sai jefi-jefi. Baba shi kaɗai iyayensa suka haifa, ni ma ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yansa. Fataucin shanu yake yi. Ya saya a kara, ya kora su kudu, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. A lokacin da wasiƙar nan ta zo yana can, ya dai aiko cewa zai iso kafin ranar. Gida daga ni sai Kaka, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda tsufa ya cinye wa kunne, idon ma sai a hankali.

A unguwarmu idan za a aurar da yarinya ba sai an yi shela ba. Tun saura kwana goma za ka ji luguden turmi daga gidan, ana dakan shinkafar nakiya, ana barzar alkamar alkaki. Mata su cika tsakar gida, wannan na murza, wannan na suya, ƙanshin man shanu da zuma ya bi lungu har bakin masallaci. Uwar amarya ce ke tsaye a kan komai, ita ke ɗanɗanawa ta ce a ƙara ko ya isa. Inna gwana ce a wannan aiki, har gidajen malamai na cikin gari ake aiko mata. Ina yarinya nakan zauna kusa da ita tana dakan kayan ƙanshi, citta da kanumfari da masoro, ta lakato nakiyar farko a yatsa ta sa mini a baki ta ce, "Mi kinka ji?" In na ce da daɗi sai ta ce, "Ke komi daɗi gare shi," ta ɗanɗana da kanta, ta ƙara citta.

To ga nawa auren ya zo, turminta yana kife a bayan ɗaki, kaji na hawa.

Da na dawo gida ran nan na tarar da Kaka a inuwar zaure tana kaɗi. Na durƙusa kusa da kunnenta mai ɗan dama na ce, "Kaka, Malam ya aiko takarda. Ya ce a zaɓi kek na biki."

"Mi?"

"Kek!"

Ta ajiye mazari ta dube ni. "Keke? Keke za shi sawo miki? Ina kinka taɓa ganin matar aure bisa keke?"

Na yi ta bayani, na ce abin ci ne, kamar burodi amma da sukari da ƙwai. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, sannan ta ce in gaya masa ya bar kuɗinsa ya sayi tunkiya. Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta taya ni ba tare da ta san abin da ake wa dariyar ba. Da na shiga ɗaki dariyar ta tsaya. Na zauna a bakin gado da takalmin aiki a ƙafata, na daɗe ban cire ba.

Ni kaina sau ɗaya na taɓa cin kek, wani ɗan yanki da Baturiyar da ke shugabantar ɗakinmu ta raba mana ran bikinsu na Kirsimeti. Ban san yadda ake zaɓensa ba. Na nemi wata abokiyar aikina ta raka ni, ta ce to, amma kwanakin nan ne ake shirin karɓar mulkin kai, kowa da abin da aka ɗora masa. Ita an sa ta cikin masu tsayawa a filin taro da akwatin magani, kullum da yamma suna gwaji. Ta ɗaga mini sau biyu. A na uku ban sake tambaya ba.

Ranar Alhamis, bayan na tashi aikin safe, na yafa babban mayafi a kan farin kayana na kama hanya. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ɗauke amma zafin nan mai danƙo yana nan. Ban taɓa shiga Sabon Gari ni kaɗai ba. Ko'ina teloli ne a bakin shago suna ɗinka tuta, kore da fari sun zuba a ƙasa kamar ganye. Wani ya fito da garmaho yana ta juyi. Yaran makaranta sun wuce ni a jere suna rera waƙar da aka koya musu, rabinsu ba su san kalmomin ba. Gari duk murna yake. Na tambayi wata mai sayar da gwangwanayen madara gidan mai kek, ta nuna mini da baki ba ta ko ɗago ba.

Gidan na kwano ne, da dogon baranda, a baya kuma ga tanderun ƙasa irin na masu burodi yana hayaƙi. Matar da ta fito doguwa ce, ta manyanta, hannuwanta fari fat da fulawa har gwiwa. Bayarabiya ce, kowa Mama yake ce mata. Ta fi shekara ashirin a Sakkwato, Hausarta ta nuna sarai, sai dai karin harshen garinsu bai bar ta ba.

Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni.

"Amarya ce?" ta ce. "To, barka. Ku shigo." Ta leƙa bayana, ta leƙa titi. Ta jawo dogon benci ta kakkaɓe shi da gefen zanenta, benci mai ɗaukar mutum huɗu. "Su mamanki suna tafe?"

"Ni kaɗai ce."

"Ƙawaye fa?"

"Suna wajen aiki."

Ta dube ni ɗan lokaci. Na zauna a can ƙarshen bencin, na bar sauran.

Ta ce aiki ya yi mata yawa, kowane ofis yana son kek mai launin tuta, saboda haka in yi sauri. Ta kawo wani littafi mai kauri da ta manna hotuna a ciki, waɗanda ta yanko daga jaridun Turawa. Na ɗora shi a cinya ina buɗewa. Wani hawa biyu, wani hawa uku da ginshiƙai kamar soron sarki, wani an yi masa furanni da sukari. A saman yawancinsu an kafa 'yan mutum-mutumi biyu, mace da farar riga, namiji da baƙar kwat.

"Waɗannan ba na so," na ce, na nuna su.

"Na sani. Mutanenku ba sa so. Ana cirewa."

Na ci gaba da buɗewa har na kai kan mafi girma, mai hawa uku. Na ɗora yatsa a kai. Ba don ya burge ni ba ne. Tunanina shi ne dangin Malam masu yawa ne, gidan malamai ne na cikin gari, kada a ce 'yar mai shanu marar uwa ta kawo abin da bai kai ya kawo ba.

Mama ta sunkuyo ta duba. "Wannan na mutum da yawa ne. Baki nawa za su ci?"

"Abokan ango ne. Za su kai ashirin."

"Naki mutanen fa? Ai ana yanka wa gidan amarya nasu."

Na fara lissafi a zuci. Baba, wanda na san ko an ba shi ba zai ci ba, don bai yarda da abin da bai ga yadda aka yi shi ba. Kaka. Abokiyar aikina, in ta samu zuwa. Na tsaya nan. Na sake komawa farko ko na manta da wani. Ban manta ba.

"Ba su da yawa," na ce.

Ta karɓi littafin daga hannuna ta rufe. "Bar hoto. Hoto ba a cinsa. Bari ki ɗanɗana tukuna."

Ta shiga ciki ta fito da ɗan faranti da yanka uku a kai. Ɗaya baƙi ne, cike da busassun 'ya'yan itace. Kafin in kai hannu ta janye shi ta ce, "A'a, wannan ba naki ba ne, da giya a ciki, na Turawan kulob ne." Saura biyu, ɗaya ruwan ƙwai mai laushi, ɗaya mai ƙanshin lemo.

Na gutsuri na farko na tauna. Na gutsuri na biyu. Dukansu da zaƙi, dukansu da laushi. Sai kawai na waiga gefen damana da guntun a hannu, bakina har ya buɗe zan ce "ɗanɗana ki ji." Benci ne kawai, da ɗan garin fulawa a kai. Na maida kaina na ajiye guntun a faranti. Ban yi kuka ba. Mama ta miƙo mini moɗar ruwa.

"Mama, ki zaɓa mini," na ce. "Ni ban san bambancinsu ba."

"Ba na zaɓa wa amarya. In bai yi daɗi ba sai a ce Mama ce."

Ta je ta duba tanderunta, ta juya wasu gwangwanaye da dogon ƙarfe, ta dawo. A wannan karon ba ta tsaya a kaina ba, sai ta zauna a bencin, ta miƙe ƙafafu, ta goge zufa.

"Mamanki ta rasu ne?"

"Shekara uku."

"Allah ya ji ƙanta." Can ta ce, "Mijina akawu ne a gidan waya. Nan ya mutu, nan aka binne shi. 'Yata ɗaya, tana Ikko. Bara ta yi aure." Ta tashi ta ɗauko hoto daga kan wani akwati ta ba ni. Amarya da ango ne riƙe da wuƙa ɗaya, gabansu kek mai hawa uku. "Kin ga wannan? Ba ni na yi ba. A kanti suka saya. Lokacin ƙafata ta kumbura, ga hanya ta lalace da ruwa, ban je ba. Hoto aka aiko mini." Ta karɓa ta ƙura masa ido. "Dubi gefen nan, ya karkace. Wanda ya yi bai bari ya huce ba ya shafa sukari."

Ta mayar da hoton inda yake. Muka zauna, ni da ita, muna jin garmahon maƙwabta.

"Mamanki da tana nan, me za ta yi miki?" ta tambaya.

"Nakiya. Da alkaki. Amma nakiyarta aka fi sani."

"Me take sawa?"

Na lissafa mata: zuma, man shanu, citta, kanumfari, masoro kaɗan. Ina faɗa ina jin ƙanshin a hancina. Sai na ji na ce, "Mama, ana iya sa waɗannan a kek?"

Ta taɓe baki tana tunani. Ta ce citta da kanumfari suna shiga, Turawa ma suna sawa. Masoro ba ta taɓa gwadawa ba. Man shanu na Fulani yana da ƙarfi, sai an wanke shi sosai. Zuma kuma tana sa kek ya yi nauyi, ba zai tashi kamar na hoto ba, ba zai kuma ɗauki hawa a kansa ba.

"Hawa ɗaya zai zama. Faffaɗa, amma ɗaya. Kuma ciki zai yi duhu. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Angon fa?"

"Ya ce duk wanda na zaɓa."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Haka suke cewa." Ta ce in kawo mata man da zumar da kayan ƙanshin da kaina, in kuma samo ƙwan zabi tun da sauransu a kasuwa. Sama za ta shafe shi fari, ba rubutu, ba fure.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta ina wajen aiki, don wata mai naƙuda ba ta san da mulkin kai ba. Daga taga nake jin ganguna da sowa. Kashegari na fito da ƙaramin turmin Inna na kayan ƙanshi, na wanke shi, na zauna a tsakar gida ina dakan citta da kanumfari. Shekara uku ke nan ba a ji ƙarar wannan turmi ba.

Ban kai ga gamawa ba na ji sallama. Goggo ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Ba danginmu ba ce, aminiyar Inna ce, tare suke zuwa aikin biki gida-gida. Bayan rasuwar Inna takan aiko mana da tuwo, takan leƙo. Amma aikina ba shi da lokaci, ta zo ba ni nan, ta sake zuwa ina barcin rana. A hankali zuwan ya ragu. Matan unguwa kuma tun da na fara sa fararen kaya suka koma ce mini "malama nas", suna gaishe ni kamar baƙuwa.

Ta tsaya a kaina tana kallon turmin. "Na ji daka na ce ko kunnena ne. Mi kike yi?"

Na gaya mata. Ban ɓoye komai ba, har zuwana Sabon Gari.

Ta zauna a kan kujerar tsuguno a hankali. "Sabon Gari," ta ce. "Kinka tahi har Sabon Gari wurin baƙuwa, ni ina nan bayan katangarku."

"Goggo, kek ne, ba a yinsa a gida."

"Ba kek nike magana ba. Garar fa? Wa za shi yi miki alkaki? Wa za shi yi nakiya?"

Na ce Baba ya aiko cewa in ya zo zai saya a wurin masu yi na sayarwa.

"Na sayarwa! Ɗiyar wadda ta yi wa rabin garin ga nakiya!" Ta kama haɓa. "Tun ran da anka sa rana nike jiran ki aiko. Kullum in ce yau za ta shigo ta ce, Goggo ga abin da ake ciki. Da na ga shiru sai na ce ɗiyar boko ce, halama ba ta son irin namu, kar in kai kaina inda ba a kira ni ba."

"Ni kuma ina jiran ki shigo," na ce. "Na ga ba ni da bakin da zan ce ki bar aikinki ki zo ki yi mini wahala, alhali rabon da in zauna a ɗakinki har na manta."

Muka dubi juna. Katangar da ke tsakanin gidajenmu ko kafaɗata ba ta kai ba. Wata biyu tana can tana jira, ina nan ina jira.

Ta share ido da bakin zane, ta jawo turmin gabanta, ta shinshina. "Cittar ta yi kaɗan," ta ce, ta karɓi taɓaryar.

Lokaci ya riga ya ƙure wa babban aiki, matan da za ta tara kuma an riga an kama su a wani bikin. Duk da haka ita da surukarta suka kwana biyu suna aiki, suka cika kwalla ɗaya da nakiya, ɗaya da alkaki. Sauran Baba ya cika da na sayarwa da ya iso, ya haɗa da buhunan shinkafa da tulun man shanu da sa guda. Ba a ce garata ta gaza ba. Amma ba a yi lugude a gidanmu ba, ba a cika tsakar gida ba, kuma wannan ba abin da za a sayo ba ne.

Saura kwana ɗaya, ina cikin lalle, aka kawo kek ɗin gidanmu a kan babban farantin tangaran, an rufe shi da kwando da farin ƙyalle. Goggo ta shigo da shi ɗaki ta buɗe mini. Fari ne sol, faffaɗa, gefensa a miƙe kamar an sa magwaji. Ƙanshin kanumfari na fitowa ta ƙarƙashin sukarin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙo, hannuwansa a baya.

"Wannan shi ne abin?"

"Shi ne, Baba."

"Ita matar, tana wanke hannu?"

"Tana wankewa."

Ya gyaɗa kai ya koma zaure. Na so in ce ya tsaya in ba shi labarin yadda na zaɓe shi, amma ni da Baba ba mu saba doguwar magana ba. Inna ce ke tsakaninmu, ita ke kai tawa wurinsa ta kawo tasa wurina.

Abin da ban yi tunani ba tun farko, ko da yake a fili yake, shi ne ba zan ga an yanka shi ba. Taron na maza ne, a gidan wani abokin Malam. Amarya kuwa tana ɗaki a lulluɓe. Da la'asar ranar ɗaurin aure aka zo aka ɗauki farantin, na ji fitarsa ta zaure, wani yana cewa a yi hankali da dokin ƙofa. Ni ina zaune a kan tabarma, mayafi har ƙirji, zafi kamar zai narka ni. Abokiyar aikina ta zo ta yi rabin sa'a ta koma asibiti. Kaka tana gefe tana gyangyaɗi. Goggo na can waje tana fama da tukwane. Na zauna ina ƙoƙarin hasko abin da ake yi a can: wa ya riƙe wuƙar, me suka ce da suka ga cikin ya yi duhu.

Sai kashegari da hantsi, a ɗakin da aka kai ni a gidansu, Malam ya shigo da wani abu ƙunshe a hankici. Ya zauna nesa kaɗan, don har lokacin kunyar juna muke ji. Ya buɗe. Yanki ne kamar tafin hannu, sukarin ya farfashe.

"Da ƙyar na ƙwato miki wannan," ya ce.

"Ya yi?"

"Ya yi mana. An cinye tas." Ya ɗan yi murmushi. "Sai dai sun yi ta tsokanata. Wai na yi musu alkawarin bene, an kawo musu shigifa. Wani kuma ya ce tun da yake bai taɓa cin kek mai yaji ba. Matar ba ta nuna miki masu hawa ba ne?"

"Ta nuna mini."

Ya jira in ƙara wani abu. Ni ma na so in ƙara. Amma maganar doguwa ce, sai na faro daga turmi, daga yatsan Inna, ga mutane a tsakar gida ana ta kiransa ya fito a gaisa. Ya ce, "To, ba komai, ai ya yi," ya ajiye mini hankicin a gefen gado ya fita. Mutumin kirki ne, bai faɗa don ya ɓata mini ba. Sai bayan mun haifi ɗanmu na biyu na ba shi labarin duka, ya ce me ya sa ban faɗa masa tun ran nan ba.

Da ya fita na gutsura na ci. Nauyi gare shi, da danshi, citta ta fito sosai, masoron yana kama maƙogwaro daga baya. Bai yi kama da kek ɗin Baturiya ba. Bai kuma yi kama da nakiyar Inna ba, ko kusa. Wani abu ne dabam, mai daɗi, wanda ba wanda zan tambaya ko ya ji abin da na ji. Na cinye rabi, na aika wa Kaka da rabin. Goggo ta ce mini Kaka ta cinye har tana lasar yatsa, ta ce wannan tuwon Turawa bai wahalar da dasashi.

Kwana bakwai muka yi, muka shirya tafiya Gusau. Na sami canjin aiki zuwa can. Goggo ta ce Kaka ta riƙa komawa wurinta, ita Goggon, duk lokacin da Baba ya yi tafiya. Saura farantin tangaran ɗin Mama, wanda aro ne, ga shi amarya ba ta fita. Na rasa wanda zan aika. Da Baba ya zo yi mini sallama na faɗa masa, ina tsammanin zai ce a ba wani. Sai ya ce a ɗauko.

Ranar tafiyarmu ya zo tashar mota. An ɗaure kayana a saman babbar mota, ina zaune a gaba kusa da taga. Ya matso, ya dafa ƙofar.

"Na kai mata tasarta," ya ce. "Na haɗa mata da cinyar sa."

"Me ta ce, Baba?"

"Ta tambaya ko abin ya yi daɗi. Na ce ni ban ci ba, amma an ce ba a bar komi ba." Ya gyara hularsa. "Ta ce in gaya miki masoron ya yi, za ta riƙa sawa. Ta ba ni kujera, na zauna kaɗan. Matar tana da hankali. Ita kaɗai take cikin gidan nan."

Direba ya tayar da mota. Baba ya ja da baya, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in riƙa haƙuri, in riƙa aiko da takarda ko da shi sai an karanta masa. Na ce to. Motar ta fita daga tasha ta kama hanyar gabas, Malam yana baya cikin maza, ni kuma ina tsakanin taga da wata tsohuwa da ban sani ba, wadda ta yi barci tun kafin mu bar gari.